Daga Tangarahu Zuwa 4G: Yadda Waya Ta Iso Ƙauyenmu

Bayan girbin bana aka gama gyaran dogon ƙarfen rezo da ke bakin kasuwar garin da nake koyarwa, a arewacin Tasawa. Da safe na kunna talho, sai na ga alamar 4G a saman gilashi. Littafin lissafi na ajin CM2, wanda a da sai na hau babur na yi tafiyar kusan awa guda kafin in saukar da shi, ya sauko kafin shayina ya huce. Mako biyu bayan haka kwamitin iyayen yara ya zauna a kan tambaya guda: shin za a tara kuɗi a sayo wa lakwal na'urar intanet da forfe na wata-wata, ko kuwa a fara da rufin ajin kara da iska ta yaye? Aka ce ni da na yi ekol normal in faɗi ra'ayina. Na roƙi a ba ni mako guda, domin na ga ba za a amsa wannan tambaya da kyau ba sai an waiwayi inda muka fito.

Wayar farko da ta ratsa ƙasarmu ta Nasara ce. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma ita ce ta zama babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da suka mayar da fadar mulki Yamai. Tsakanin barikokinsu suka ja wayar tangarahu a kan turaku, don kwamanda ya ji umarnin gwamna, gwamna kuma ya ji inda haraji ya tsaya. Kakana ya sha ba mu labarin yadda ake tara mazan gari su ɗauko itatuwan turaku a kai, ba lada ba godiya, kuma in wayar ta tsinke kusa da gari, mai gari ne zai amsa tambaya. Irin wannan aikin tilas sai a 1946 aka soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka. Wayar ta bi ta gonakinmu, amma ba maganarmu take ɗauka ba. Abin da ta bar mana shi ne suna: har yau muna cewa gidan waya, muna cewa buga waya, alhali talhon da ke aljihunmu ba shi da igiya ko ɗaya.

Rediyo ne ya fara yi wa talaka magana da harshensa. An buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974. A farkon shekarun 1960 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a garuruwa, inda mutane ke zama su ji shiri a kan noma ko kiwon lafiya, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar Yamai. Galibin masu jagorantar zaman nan malaman makaranta ne. Ke nan tun wancan lokaci, duk sabuwar na'urar da ta zo karkara, malami ake miƙa wa ita.

Abin da ya fi kama da halin da muke ciki yau shi ne talabijin ɗin makaranta. A 1964, da taimakon Faransa, Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta akwatin talabijin, abin da ƙasashe kaɗan a Afirka suka gwada a lokacin. A Yamai ake shirya darussa, a watsa su zuwa ajujuwa, mai kula da aji kuma ya ƙarasa bayani. Inda babu lantarki, aka koma ga farantan hasken rana, a zamanin da Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, yake jagorantar ofishin binciken makamashin rana. Waɗanda suka yi karatu a ajujuwan nan sun yi suna wajen iya magana da Faransanci. Amma shirin bai taɓa kai wa yawancin yaran ƙasa ba. Tsadarsa ta yi yawa, kayan gyara daga waje suke zuwa, kuma da hannun mai taimako ya sassauta, abin ya tsaya. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 kayan aikin sun koma hannun talabijin ɗin ƙasa, Télé Sahel.

Ni kaina na ga wutsiyar wannan zamani. Ina yaro, a mulkin Janar Seyni Kountché, akwai talabijin guda a dandalin samariyar garinmu, a cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da farantin rana a sama. Da dare gari duka yake taruwa, musamman lokacin kokawar gargajiya. Wata rana batir ya mutu. Aka aika saƙo, aka jira, aka sake aikawa. Akwatin ya shekara da shekaru a rufe, har kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin kwana. Babu wanda ya sace shi, babu wanda ya fasa shi. Kawai dai ranar da aka kawo shi ba a tsayar da wanda zai sayi batir na biyu ba.

A shekarun nan, saƙon talaka da ƙafa yake tafiya. Ina aji biyar na fara rubuta wa matan unguwa wasiƙa zuwa ga mazajensu ƴan ci-rani a Kano, Legas da Abijan. Wadda ba ta son yaro ya ji sirrinta sai ta ɗauki muryarta a kaset, ta ba direban mota. Labarin rasuwa kan iso bayan an yi sadakar bakwai. Wayar gida kuwa tana hannun hukuma: ofishin gidan waya da sadarwa, sannan kamfanin Sonitel da aka kafa a 1997. Intanet ta shigo Yamai a ƙarshen shekarun 1990, ta layin talho, a ofisoshi da shagunan kwamfuta ƙalilan. Lokacin da nake ekol normal Bawa Jangwarzo a Maraɗi, na fara buɗe adireshin imel a irin wannan shago. Kuɗin awa guda ya kai kuɗin abincin yini, kuma rabin awar a jiran shafi ya buɗe take ƙarewa.

Salula ce ta canja komai. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Telecel ta zama Moov. Orange ta shigo a 2008, aka sayar da ita a 2019 ta zama Zamani Telecom. Sonitel da SahelCom kuma aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. Waɗanda suka fara cin moriya su ne ƴan kasuwa. Wata malamar jami'a Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake: mai sayen gero ba sai ya yi hayar mota ya je ya tambayi kuɗin tiya ba, kira guda ya isa. Daga baya ita da abokan aikinta suka gwada koyar da manya karatu tare da talho a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. Waɗanda aka koya wa rubuta saƙo sun fi takwarorinsu riƙe abin da suka koya, saboda suna da abin rubutawa kullum da wanda za su rubuta wa. Talhon bai koyar da kowa shi kaɗai ba. Akwai malami a gaban allo, talhon ya zo ya ƙarfafa aikinsa.

Rezon farko murya da gajeren saƙo kawai yake ɗauka. Da 3G ta zo aka fara aika hoto da saƙon murya, kuma nan take WhatsApp ya gaji kaset ɗin iyayenmu mata. Airtel ta buɗe 4G a 2019, aka fara da manyan birane. Mu a karkara mun ji tazarar a jikinmu a 2020, lokacin da aka rufe makarantu daga watan Maris har farkon Yuni saboda cutar korona. Ana ta maganar karatu daga nesa, mu kuwa ko kira sai an hau tudun bayan gari. Ɗalibaina sun dawo sun manta rabin abin da muka yi, wasu ƴan mata kuma ba su dawo ba sam.

Ya kamata iyaye su san abin da ke bayan alamar nan ta 4G, domin shi ne ke sa ta zo ko ta ɗauke. Ƙarfen da ke bakin kasuwa ba shi ne intanet ba, bakin famfo ne kawai. Dole a shayar da shi daga wani ƙarfen, ko daga wayar gilashi da aka binne a ƙasa, wadda ke ɗaukar bayanai da haske. Ita kuma wayar sai ta kai bakin teku, ta haɗu da manyan igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Nijar ba ta da teku, don haka hanyarmu ta daɗe tana bi ta Doso da Gaya zuwa Kwatano. Ranar 14 ga Maris 2024, igiyoyi da dama suka lalace a tekun da ke gaban Kodebuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da yawa, har da tamu. Wannan ne amfanin aikin babbar wayar gilashi mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa: fiye da kilomita 1000 a cikin Nijar, da rassa zuwa iyakar Aljeriya ta Arlit da Asamaka, zuwa iyakar Cadi ta Difa da Ngigmi, da zuwa iyakar Nijeriya ta Damagaram da Magarya. Mai ƙofa guda, in ta toshe ya kwana waje. Akwai kuma shirin haɗa ƙauyuka fiye da 2000 da rezo, wanda Bankin Duniya ya ware wa dalar Amurka miliyan 100 a 2020. Sannan ga Starlink, mai jawo intanet kai tsaye daga taurarin ɗan adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2023, a Nijar kuma a 2025. Duk waɗannan kuwa ba sa aiki sai da wuta, kuma mun ga yadda birane suka sha duhu da Nijeriya ta yanke mana lantarki a watan Agusta na 2023.

Da mako ya cika na koma gaban kwamiti. Na ce musu tangarahu ya yi wa kwamanda aiki, salula ta yi wa ɗan kasuwa aiki, domin kowannensu ya san abin da yake nema da ita tun kafin ta iso. Makaranta kuwa sau da yawa kyauta ake kawo mata na'ura, a yi biki, a tafi, ba a bar mata kuɗin batir ba. Wani dattijo ya ce: “Mushe, mu tsoronmu ba kuɗi ba ne. Tun da abin nan ya zo, yara ba sa barci, kowa ya duƙa a kan bidiyo.” Gaskiya ya faɗa, ni ma ina ganin masu gyangyaɗi a aji da safe. Shugabar iyaye mata ta ƙara da tata: “Malam, talho a gidajenmu na maza ne. In karatu ya koma cikinsa, ɗiyanmu mata fa?” Wannan tambaya ta fi duk abin da na shirya nauyi.

Ga abin da muka tsayar. Rufin aji ne farko, domin yaron da rana ke duka ba ya karatu, da intanet ko babu. Bayan haka za a sayi ƙaramar na'ura guda da farantin rana, su zauna a ofishin darakta, ba a hannun yara ba. Malamai za su saukar da littattafai, tsofaffin tambayoyin jarrabawa da darussan karatu cikin Hausa, a yi amfani da su a aji, maza da mata tare. Kuɗin forfe zai fito daga tiya guda ta gero da kowane gida zai bayar a kaka, kuma za a ware kashi ɗaya cikin huɗu a ajiye don gyara, ba za a taɓa shi ba ko da forfe ya ƙare. An zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su riƙe littafin lissafin, su karanta shi a gaban jama'a duk wata uku. Maganar barci kuwa mun mayar da ita gida, inda ta fito: bayan sallar isha'i talho ya koma hannun uba ko uwa.

Ƴan'uwana malamai da iyaye na sauran garuruwa, rezo mai sauri yana tafe gare ku, ko bana ko baɗi. Kafin ya iso ku zauna ku amsa tambayoyin da ba a amsa ba a dandalin samariyarmu: me za a yi da shi, wa zai biya, wa zai gyara, kuma wane yaro ne za a bari a baya. Mu dai an riga an auna geron farko, buhu uku da ƴan tiyoyi, kuma kafinta ya fara aikin rufi ranar kasuwar da ta wuce. Allah ya sa albarka a karatun ɗiyanmu.