Ƙararrawar Masaƙa: Yadda Inji Ya Karɓe Lokacin Talakan Manchesta

Tun kafin gari ya waye, cikin sanyin hunturun arewacin Ingila, a da can akwai mutumin da yakan bi layin gidajen leburori da doguwar gora a hannu yana ƙwanƙwasa tagogi. Sana'arsa ke nan, tashin mutane daga barci, a biya shi 'yan kwabbai a ƙarshen mako. Talaka ba shi da kuɗin agogo, masaƙa kuwa ba ta jiran kowa. Wanda ya makara zai tarar an rufe ƙofa, a kuma zaftare masa lada.

Kakannin waɗannan leburori a gida suke aiki. Mata na kaɗi, maza na saƙa, ɗan kasuwa ya kawo auduga ya dawo ya karɓi ƙyalle. Talauci na nan, wahala na nan, amma mutum shi ke da iko da yininsa: in gona ta kira shi ya ajiye ƙoshiya ya tafi, in yaro ba lafiya uwa na kusa. A 1771 Richard Arkwright ya kafa masana'antar kaɗi mai aiki da ƙarfin ruwa a Cromford, inda injuna ke juyawa dare da rana. Da injin tururi ya samu gindin zama, sai masana'antu suka daina neman bakin kogi, suka tattaru a birane kusa da kwal. Manchesta, wadda mutanenta ba su wuce kimanin 75,000 ba a 1801, ta haura 300,000 a 1851.

A cikin masaƙa ana yin awa 12 zuwa 14 a tsaye, kwana shida a mako. Ana rufe tagogi don ɗakin ya riƙe zafi da danshi, kada zare ya tsinke, ƙurar auduga kuma ta cika ƙirjin mutane har tari ya zama abokin zamansu. Ƙarar injuna ta kai ma'aikata suka koyi karanta leɓɓan juna, da yawansu kuma suka tsufa da kurumta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yara. Ana son su saboda arhar lada da ƙanƙantar jiki. Wasu aikinsu ƙulla zaren da ya tsinke, wasu kuma su yi rarrafe ƙarƙashin inji yana gudu suna tsintar burbushin auduga. Gyangyaɗi ɗaya ya isa ya raba yaro da yatsunsa. Masana'antar Quarry Bank da Samuel Greg ya gina a 1784 tana ɗebo yara daga gidajen gajiyayyu, ta ba su abinci da makwanci a madadin albashi, kuma ana lissafa ta cikin masu sauƙi-sauƙi.

In an tashi aiki, gidan da ake komawa ma wani tashin hankali ne. An gina gidaje baya da baya, ba ta inda iska za ta ratsa, dubban mutane kuma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke kwana, inda ruwa ke tsattsafowa. Gidaje da dama masai ɗaya suke rabawa. Kwalara ta shiga Manchesta a 1832. Rahoton Edwin Chadwick na 1842 ya nuna cewa a iyalan leburorin Manchesta matsakaicin shekarun mutuwa 17 ne, alhali a karkarar Rutland 38 ne. Yawan jariran da ke mutuwa ne ya jawo adadin ƙasa haka. A wannan shekarar Friedrich Engels ya zo aiki a kamfanin mahaifinsa, ya zaga unguwannin da ƙafa, abin da ya gani ya zama littafinsa na 1845.

Masu saƙar hannu kuwa, da farko sun ci ribar yalwar zare, har injin saƙa ya iso ya karya su. Mai samun kusan sule 20 a mako a farkon ƙarni na 19 ya koma neman sule shida bayan shekara 30.

Sauƙin da ya biyo baya da gumi da jini aka samo shi. Ranar 16 ga Agusta, 1819, mutane kimanin 60,000 suka taru a filin St Peter da ke Manchesta suna neman wakilci a majalisa. Sojojin doki suka afka musu da takubba, aƙalla 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Tun a 1819 doka ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara tara a masaƙun auduga, amma sai a 1833 aka naɗa sufetoci, huɗu kacal, su duba ƙasar baki ɗaya. A 1842 aka hana mata da ƙananan yara shiga ramin kwal, a 1847 aka taƙaita aikin mata da matasa zuwa awa goma. Albashi ya fara hawa a rabin ƙarnin na biyu, tufafi suka yi arha, jikokin leburorin farko suka ɗanɗani abin da kakanninsu suka shuka.

Labarin bai tsaya a Ingila ba. Yawancin audugar bayi ne ke nomanta a kudancin Amurka, yadin kuma ya bi jiragen ruwa har ya iso kasuwanninmu yana gogayya da saƙin Kano. A 1957, da gwamnatin Arewa ta buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, da wani kamfanin Lankasha ta Ingila, David Whitehead and Sons, ta haɗa hannu. 'Ya'yan manoman da suka saba auna yini da inuwa da kiran salla suka fara tashi da kukan jiniya, suna shiga aiki rukuni-rukuni, wasu da safe, wasu da tsakar dare.