Hutun Cin Abinci a Wurin Aiki: Barmu da Arewacin Adar

Hutun cin abinci shi ne ɗan lokacin da ma'aikaci yake ajiye aiki da tsakar rana domin ya ci, ya sha, ya yi sallar azahar. A Nijar, dangantakar ma'aikaci da ubangidansa tana ƙarƙashin Kundin Dokokin Ƙwadago, doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Kundin ya fi mayar da hankali ga jimillar lokacin aiki: awa 40 a mako, awa 2,400 a shekara ga ayyukan gona, da hutun mako na awa 24 a jere. Mai shayarwa kuma tana da haƙƙin hutun ba da nono wanda bai wuce awa ɗaya a yini ba. Lokacin tashi a ci abinci da lokacin komowa, yawanci jadawalin ma'aikata da dokokinta na cikin gida ne suke fayyace su, sufeton ƙwadago kuma shi ke da hurumin dubawa.

A Nijeriya abin ya fi fitowa fili. Sashe na 13 na dokar ƙwadagonta ya ce wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a yini a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. A Faransa minti 20 ne bayan awa 6.

Barmu ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tawa ta Nijar, cikin yankin Adar, kuma masu albashi a cikinta kaɗan ne: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, ma'aikatan magajin gari. Mafi yawan jama'a manoma ne da makiyaya da ƴan ci-rani, waɗanda rubutacciyar doka ba ta cika isa gare su ba. A gona al'ada ce take hukunci. Mai gona da ya ɗauki ƴan ƙwadago, ko ya kira gayya, shi ke kawo musu fura da ruwa idan rana ta take, a zauna a inuwa a sha. Sau da yawa tun wajen ciniki ake yanke ko lada da ci ne ko babu ci, kuma kuɗin yakan ƙaru idan babu. Wanda ya yi rowar fura ba ya zuwa gaban sufeto, amma yakan sha wuyar samun masu yi masa noma baɗi.

Da azumi hutun rana kan rage amfani, don haka masu aikin ƙarfi sukan fita da sassafe su tashi kafin rana ta yi zafi.