Daga Kalangun Shata Zuwa Waƙar Waya: Abin Da Kunnuwan Zawaciki Suka Ji

Duk ɗan Zawaciki da ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ya san cewa ba kuɗin gero ne ya kawo rikoda garinmu ba, albashin kamfani ne. Da masana'antun Sharaɗa da Challawa suka bi sahun na Bompai, yayyenmu da dama suka jingine fartanya suka shiga masaƙu da majemu. Saurayi kan fara da sayen keke, daga nan sai rikoda mai cin batir. Bayan sallar lisha a ajiye ta a dandali, unguwa guda ta kewaye ta.

Iyayenmu kuwa, gwaninsu shi ne marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda suke jira a Rediyon Kaduna, sai Musa Ɗanƙwairo ga masu son kiɗan sarauta. Leburorin kamfani sun fi karkata ga Ɗanmaraya Jos, domin kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya ɗaga darajar mai cin guminsa. Amma da samari suka kama kukumar Garba Supa da Hassan Wayam, sai dattawa suka ɗaure fuska, suka ce kiɗan 'yan duniya ne.

Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin lantarki da kwararowar atamfofin waje, masaƙu suka yi ta rufewa, da yawanmu muka watsu cikin birane neman abinci. Shata ya rasu a 1999, daidai lokacin da fiyano da waƙoƙin finafinai irin su Sangaya suka mamaye kunnen 'ya'yanmu. Mu ma muka ɗaure tamu fuskar, muka ce kwaikwayon Indiya ne, alhali mu ne muke satar jiki zuwa sinimar Plaza kallon Indiyan. Laifi tudu ne. Yau ga waɗancan yaran sun fara furfura, suna ƙorafin cewa Jarumar Mata ta Hamisu Breaker, wadda ta cika gari a 2020, ba ta kama ƙafar waƙoƙin Nura M. Inuwa ba.

Sai dai akwai asarar da ta fi wannan gardama. Muryar Shata da ta Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, suna nan a intanet, ko jikokinmu za su same su. Makaɗan garinmu fa, waɗanda suka yi mana gangar noma a wajen gayya da kalangu a bukukuwanmu? Ba su shiga gidan rediyo ba, kuma galibinsu sun kwanta dama. Abin da ya rage na muryoyinsu yana cikin kaset-kaset ɗin biki da ke ƙasan akwatunanmu, zarensu yana lalacewa.

Don haka muna roƙon duk wanda ke da irin wannan kaset, ko yana Legas ko Abuja, ya riƙo shi idan zai zo gida hutun sallah, a juye shi a kwamfuta, a rubuta sunan makaɗin da na unguwarsa tun masu shaida su suna raye.