Makarantun Rosenwald: Ginin da Jama'a Suka Gina da Dokar Maida Musu Shi

Duk lokacin da aka rufe wata tsohuwar makaranta, tambaya guda takan taso: ginin na wane ne? Doka takan ce na wanda sunansa ke bisa takardar mallaka ne. Su kuwa mutanen gari sukan tuna da waɗanda suka ba da fili, suka yi aikin gayya, suka tara kuɗi. Tarihin makarantun Rosenwald na kudancin Amurka ya nuna yadda waɗannan amsoshi biyu suka daɗe suna hannun riga, da yadda aka nemi sasanta su ta hanyar doka.

A shekara ta 1896 kotun ƙolin Amurka ta halatta raba baƙar fata da farar fata a wuraren jama'a. A jahohin kudu, ƴaƴan baƙar fata na ƙauyuka sukan yi karatu cikin majami'u ko rumfuna, ƴan watanni kaɗan a shekara. Cikin wannan hali ne, a 1912, Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee ta jahar Alabama, wanda aka haifa cikin bauta, ya shawo kan Julius Rosenwald, wani attajiri Bayahude mai shugabancin kamfanin Sears, Roebuck na birnin Shikago, ya taimaka a gina ƙananan makarantu shida a kewayen Tuskegee. Daga nan aiki ya bunƙasa. Zuwa 1932, shekarar da Rosenwald ya rasu aka kuma tsaida shirin, an gina makarantu 4978 cikin jahohi 15, ban da gidajen malamai da ɗakunan koyon sana'a. An tsara su da manyan tagogi masu duban gabas ko yamma, don rana ta wadatar da haske inda babu lantarki. Marubuciya Maya Angelou da ɗan gwagwarmayar ƴanci John Lewis duk a irin waɗannan azuzuwa suka yi karatu.

Asusun Rosenwald ba ya biyan kuɗin gini duka. Sai jama'ar wuri sun kawo nasu, hukuma ta kawo nata, sannan ya cika. Daga cikin dala miliyan 28 da ɗoriya da aka kashe, baitulmalin jama'a ya ba da kimanin miliyan 18, asusun ya ba da miliyan 4 da dubu 300, su kuwa baƙar fata, waɗanda galibinsu talakawan manoma ne, suka tara kimanin miliyan 4 da dubu 700. Ke nan gudummawar matalauta ta zarce ta attajirin da makarantun ke ɗauke da sunansa.

To amma akwai wani sharaɗi da ya kamata mai karatu ya riƙe: dole ne a rubuta fili da gini da sunan hukumar ilimi ta gunduma. Manufar ita ce a tilasta wa gwamnati ɗaukar nauyin malamai da gyare-gyare. Sai dai waɗannan hukumomi a hannun farar fata suke, a zamanin da aka hana mafi yawan baƙar fata jefa ƙuri'a. Wanda ya gina daban, mai takarda daban.

Illar wannan sharaɗi ta fito fili bayan 1954, lokacin da kotun ƙoli ta soke wariya a makarantun gwamnati, musamman bayan hukuncin 1968 da ya tilasta wa gundumomi aiwatar da haɗewar da gaske. Yawanci makarantun baƙar fata aka rufe, aka kwashe yara zuwa wasu wurare. Gine-ginen suka koma rarar dukiyar hukuma. Wasu aka saida, suka zama rumbunan ciyawa ko gidajen kwana. Wasu aka rushe. Wasu ruwa da gara suka ci. Ƙiyasin masu kula da gine-ginen tarihi ya nuna kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ne kawai suka saura a tsaye.

Ƙa'idar saida dukiyar gwamnati ita ce a yi gwanjo, wanda ya fi taya kuɗi ya ɗauka. An kafa ta don hana son kai da almundahana, kuma tana da amfaninta. Amma a gaban mai kaɗa ƙararrawar gwanjo, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba ta iya karawa da dillalin filaye. Dokar tarayya ta 1966 game da kare wuraren tarihi ta buɗe rajistar ƙasa inda ake rubuta irin waɗannan gine-gine, sai dai shiga rajistar daraja ce, ba ta hana wanda ya mallaki gini ya rushe abinsa.

Jahar Karolina ta Arewa, wadda ta fi kowace yawan makarantun Rosenwald, kimanin 800, tana da tsarin da ya cancanci nazari. Idan hukumar ilimi ta daina buƙatar wani gini, sai ta fara yi wa majalisar gunduma tayinsa. Bayan haka, dokar jahar ta yarda a tsallake gwanjo a yi ciniki kai tsaye bisa sharuɗɗa uku: ginin ya kasance yana da muhimmanci ta fuskar tarihi, al'ada ko fasahar gini, mai saye ya kasance ƙungiya marar neman riba wadda kare irin wannan gado ke cikin manufofinta, sannan a rubuta alkawarin kiyayewa cikin takardar mallaka. Wata doka ta 1979 ta ba irin wannan alkawari ƙarfi, har yana bin ginin ko da ya sake canza hannu. Ta haka an ba jama'a dama, an kuma toshe ƙofar wanda zai karɓa da sunan al'umma ya saida don aljihunsa.

A 2002 babbar ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta Amurka ta sa makarantun Rosenwald cikin jerin wurare 11 da suka fi fuskantar haɗarin ɓacewa, abin da ya zaburar da ƙungiyoyi da yawa. A farkon 2021 aka sa hannu kan wata dokar tarayya da ta umarci hukumar wuraren tarihi ta ƙasa ta nazarci yadda za a adana tarihin shirin.

Duk da haka, karɓar takarda farkon aiki ne. Rufi na yoyo, katako na ruɓewa, inshora da lantarki na son kuɗi kowane wata, kuma ɗaliban ƙarshe na waɗannan makarantu sun manyanta. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda aka samar wa aikin yi. Makarantar Noble Hill ta jahar Jojiya, da aka gina a 1923 aka rufe a 1955, ta koma gidan tarihi a 1989. Ta Scrabble, a jahar Bajiniya, ta zama wurin haɗuwar dattawa a 2009.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta. Darasin da malamai da ƙungiyoyin al'adu za su ɗauka shi ne, ceton tsohuwar makaranta na buƙatar abu uku a haɗe: dokar da ta san darajar gini ta wuce farashinsa, alkawari rubutacce da ke ɗaure mai karɓa, da jama'ar da za su riƙa buɗe ƙofar kowace safiya. Idan ɗaya ya rasa, ginin da iyaye suka yi gumi a kansa zai sake zama kufai, ko da takardar na hannun jikokinsu.