Daga Boɗinga Zuwa Tsaunin Mambila: Hanyar Da Muke Shirin Bi Da Waɗanda Suka Riga Mu Bin Ta



Mu huɗu muka fara adashi tun bayan ƙaramar salla, da niyyar idan sanyi ya shigo mu ɗauki hanya daga Boɗinga har gandun dajin Gashaka Gumti a jihar Taraba, daga nan mu haye tsaunin Mambila. Dukanmu 'yan ƙasar Sakkwato ne, ƙasar da idan ka tsaya bakin gari kana hango mai jaki tun yana nesa kamar ɗigon tawada. Babu wanda ya taɓa ganin gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa a cikinmu, amma biyu sun riga sun rubuta labaran da jarumansu ke soyayya a kan tsauni. Ni aka ɗora wa aikin fitar da hanya da lissafin kuɗin mai. Da na gaya wa Inna, ko ɗaga kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafarta, ta ce, "Mi kunka aje can da za ku ɗauko?"

Ban ba ta amsa ba a ranar. Neman amsar ne ya mayar mini da lissafin mai karatun tarihi.

Mai fita daga Boɗinga yana neman gandun daji na ƙasa hanya biyu gare shi. Ta farko ita ce ya yi kudu, ya wuce Shagari da Tambuwal da Jega da Yawuri, ya nufi gandun dajin tafkin Kainji a ƙasar Borgu. Ta biyu ya koma Sakkwato ya miƙe gabas. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan rabuwar hanya ta yi daidai da wani rabo da aka yi a ƙofar gidanmu fiye da shekara 200 da suka wuce. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa wajen 1810, ya yi kusan shekara biyar yana karantarwa yana rubutu, ƙanensa Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga kusa da shi. A wannan zaman ne, cikin 1812, Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu: yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Hanyar Shagari ta ɓangaren Abdullahi take bi, ko da yake ita Borgu ba ta taɓa miƙa wuya yadda aka so ba. Hanyar gabas kuwa rabon Bello ce, kuma can ƙarshenta akwai Adamawa.

Kainji shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya, an kafa shi a 1979 da aka haɗe dajin Borgu da na Zugurma. Ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba, sai dai ba ƙasar tsaunuka ba ce, ga shi kuma masu ɗauke da makamai sun mayar da sassansa mafaka. Nan take muka soke shi.

Saura gabas. Wajen 1809 Shehu ya ba Modibbo Adama tuta, ya naɗa shi jagoran ƙasar da Fulani ke kira Fombina, wato kudu. Adama ya zauna a Gurin, ya yi ta sauya mazauni har ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. A ƙarƙashin Yola aka samu ƙananan masarautu da yawa da suka bazu cikin ƙasar duwatsu, irin su Garwa da Ngawundare da Tibati da Banyo, da ita Gashaka da gandun dajin ya ci sunanta. Daga nan ayari ke tasowa da gaisuwa da haraji zuwa Sakkwato, tafiyar makonni a ƙasa da kan doki. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ga bakin hanyar duka biyu: ya isa Yola a watan Yuni na 1851, Lamiɗo Lawal ya sallame shi cikin 'yan kwanaki saboda ta hannun Borno ya zo, sannan a watan Mayu na 1853 ya tashi daga Sakkwato zuwa Gwandu, hanyar da ke ratsa ƙasarmu.

A nan ne karatun ya daina yi mini daɗi. Mu a Sakkwato idan ana maganar Adamawa, tuta muke tunawa da malanta. Mutanen da ke kan tsaunin, wato ƙabilar Mambila, abin da kakanninsu suka gani daban ne. A ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan Banyo da Gashaka sun riƙa kai musu hari suna kama bayi, garuruwa suka watse, wasu suka haƙa ganuwa suka fake a kan duwatsu. Bayi kuwa suna cikin manyan kayan da Adamawa ke aikawa Sakkwato. Ina ɗan Boɗinga, Sifawa na nan kusa da ni, kuma ban taɓa jin an haɗa waɗannan labarai biyu a aji ɗaya ba. Da na kawo maganar a zaman da muka yi, ɗaya daga cikin abokan tafiyar ya ce mu fa yawon buɗe ido za mu, ba shari'ar matattu ba. Na ce masa gaskiya ne, amma wanda zai sauke mu a gidansa a Gembu yana iya zama jikan waɗanda aka kora, kuma idan ya ji daga ina muka fito, shi ya san abin da sunan ke nufi ko da mu ba mu sani ba. Ba mu daidaita ba har yau.

Wani abin da ban sani ba kafin wannan shiri: tsaunin nan da muke taƙama da shi, lokacin da aka ba Najeriya 'yanci a ranar 1 ga Oktoba 1960 ba ya cikin Najeriya. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta tsaga Adamawa, Yola ta faɗa hannun Ingilishi, mafi yawan ƙasar har da Gashaka da Mambila ta tafi ga Jamusawan Kamaru. Har yanzu akwai kufan sansanin Jamusawa a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka, yana cikin wuraren da na sa a jerinmu. Da aka ci Jamus a Kamaru a 1916, Ingila ta karɓi wannan yanki a matsayin ƙasar amana, tana mulkinsa tare da Arewacin Najeriya ba tare da ya zama nata ba. Da 'yanci ya matso, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a tambayi mutanen. A ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamba 1959 aka ce su zaɓa: su shiga Najeriya ko a ɗage maganar. Kusan kashi 62 cikin ɗari suka ce a ɗage. Wannan ya girgiza gwamnatin Sardauna a Kaduna, domin kowa ya gane saƙon: mutanen duwatsu sun gaji da mulkin En'e ta Yola. Sai aka cire su daga ƙarƙashinta aka kafa musu nasu hukumomin En'e, ciki har da ta Gashaka-Mambila. A ƙuri'a ta biyu cikin Fabrairu 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna. Shugaba Ahmadu Ahidjo ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki a Kamaru, ya kai ƙara kotun duniya, ba ta yi masa amfani ba. Ƙaramar hukumar da Gembu ke hedikwatarta har gobe sunanta Sardauna.

Ku lura da wani ɗan abu a ƙuri'ar 1961: mata sun jefa, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage a kan haka. Matan Arewacin Najeriya kuwa sai a 1976 suka fara zaɓe, na tarayya kuma sai 1979. Ke nan wata tsohuwa a Mambila ta riga kakata ta Boɗinga jefa ƙuri'a da shekara 15.

Zaɓen 1979 ɗin shi ya kai maƙwabcinmu Alhaji Shehu Shagari kujerar shugaban ƙasa, kuma a 1961 yana minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa da ta karɓi yankin. Amma ba siyasarsa ce ta sa na sa garin Shagari a matsayin zangonmu na farko ba, alhali ba a kan hanyar gabas yake ba. An haife shi a can a 1925, can aka binne shi a Disamba 2018, kuma kafin komai malamin makaranta ne. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya don koya wa ɗalibai labarin ƙasa da harshen Hausa, ya zagaya da su garuruwa da koguna a baiti alhali suna zaune a aji. A ganina duk marubucin Hausa da zai fita ganin ƙasar nan, ya dace ya fara da gaishe da wanda ya riga shi wannan tunani. Daga Boɗinga zuwa Shagari tafiyar safiya ce, mu je mu dawo kafin azahar.

Shi kansa gandun dajin yaro ne a kan duk wannan tarihi. Tunanin a keɓe daji da tsaunuka a ce na ƙasa ne baki ɗaya daga Amurka ya faro, da Yellowstone a 1872. A nan, gwamnatin jihar Arewa maso Gabas ce ta keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti a farkon shekarun 1970, dokar soja ta 1991 ta mayar da su gandun daji na ƙasa, a shekarar da aka ƙirƙiri jihar Taraba. Shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa. A cikinsa Chappal Waddi yake, a bakin iyakar Kamaru, tsayinsa mita 2,419, babu wurin da ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Akwai ɓauna da dorina da birai iri-iri, har da cimfanzi. Akwai kuma mutane, abin da hotuna ba sa nunawa. Saman tsaunukan babu ƙudan tsando, ga ciyawa, shi ya sa makiyaya suka hau da shanunsu tun kafin a zana iyakar gandun, aka bar musu wasu matsugunai a ciki irin su Chappal Hendu. Tsakanin makiyayi da manomi da ma'aikacin gandun daji, rigimar wa ke da ƙasa ba ta mutu ba. A kan Mambila ta yi sanadin asarar rayuka da yawa a Yuni 2017.

To ga hanyar yadda na fitar da ita. Sakkwato zuwa Gusau, Funtuwa, Zariya, mu kwana. Washegari Jos, mu fara sabawa da duwatsu, mu gangara Bauchi. Akwai mai son mu ratse Yankari mu yi wanka a Wikki. Na ce sai in kuɗi sun yi saura, kuma ita tun 2006 ta koma hannun jihar Bauchi, ba ta cikin gandun dajin ƙasa. Daga Bauchi sai Gombe, Numan, Jalingo. Daga Jalingo sai Bali, sai Serti inda ofishin gandun yake, a nan ake biyan kuɗin shiga a ɗauki ɗan rakiya, domin ba a shiga ba tare da shi ba. Bayan Serti, daga Mayo Selbe hanya ke fara murɗewa tana hawa, a bi ta Maisamari da Nguroje, a leƙa gonar shayi ta Kakara, a sauka Gembu. Bisa lissafina tafiyar ta haura kilomita 1,400, kwana huɗu idan ba a tafiyar dare, kuma mun yi alkawari ba za mu yi ta ba. Lokacin da ya dace daga Disamba zuwa Fabrairu ne, sa'ad da koguna suka janye, domin damina a can ta kai wata bakwai ko fiye. Kowa zai riƙo bargo da rigar sanyi. Wanda ya ce sanyin hunturun Sakkwato ya horar da shi, na ce ya tuna tsaunin ya kai mita 1,600 sama da teku, mu kuwa ko 400 ba mu kai ba.

Matsalar ba a can take ba, a nan kusa take. Kwanan farko, daga Tureta zuwa Talatar Mafara, da kuma daga Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa, shi ne abin da Inna ke nufi da tambayarta. Kawuna da ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Yola ya duba takardar da na zana, ya sa yatsa a kan Tsafe ya ce, "Ɗana, nan ba a wuce shi sai rana ta take, kuma cikin jerin motoci. In kun ga babu mai tahowa daga gaba, ku tsaya." Ya ce a zamaninsu da dare suke ratsa wurin don gudun zafi. Mun duba zagayawa ta Shagari da Kwantagora, ta ƙara mana kwana guda kuma ita ma ba lafiyayya ba ce. Jirgi daga Sakkwato zuwa Abuja zai cinye rabin adashin.

Zuwa daren jiya mun tara abin da bai kai kashi biyu cikin uku na lissafin ba, kuma kuɗin mai ya sake motsawa tun bayan da na yi shi. Ɗaya daga cikinmu mahaifinsa ya ce bai yarda ba, mun koma mu uku. Ranar Asabar mai zuwa za mu yi Sifawa da Shagari a kan babura biyu, shi wannan ba ya buƙatar izinin kowa. Idan akwai ɗan Gembu ko Serti a wannan zaure, ina neman wanda zai gaya mini halin da hawan Mayo Selbe yake ciki bayan daminar bana, da kuma ko ƙaramar mota za ta iya shi.