Kan katakon da ya leƙo daga bango: daga gizago zuwa zarton likita

Akwai wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanin kafintocin Pissy da Zongo, a yammacin Wagadugu. Mai gida ya sa an cire tsohuwar rumfa ko firam ɗin ƙofa, sai ga kan katako ya leƙo daga bango, ana so a datse shi daidai da fuskar filasta kafin mai fenti ya iso. Yaron shago zai ce, "Maigida, in aro injin mai walda?" Dattijon ya ce, "A'a ɗana, miƙo zarto." Wasu 'yan ƙalilan kuma suna maganar wani ƙaramin inji mai karkarwa.

Masu goyon bayan zarto sukan ce ƙiwuyar yaran zamani ce ta kawo rigimar. Wasu su ce talauci ne ya hana mu kayan aikin da ya dace. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba. Matsalar kanta sabuwa ce, siminti ne ya haife ta.

Maginan da can ba su san ta ba. Azara daga giginya ake tsaga ta, da gatari, a gyara da gizago, a shimfiɗa a kan bangon ƙasa, a binne kanta da laka. In ta yi tsawo a ƙara yaɓe, shi ke nan. A wasu wuraren ma da gangan ake barin itace a waje: dubi hasumiyar masallacin Agadas, ko babban masallacin Bobo Julaso, inda sandunan da suka fito su ne matakalar masu yaɓe idan damina ta wuce. Wanda ya datse su ɓarna ya yi.

Faransawa sun shiga Wagadugu a 1896, amma abin da ya fi sauya aikin katako shi ne jirgin ƙasa daga Abijan, wanda ya iso birnin a 1954. Katakon da inji ya yanka a dazuzzukan kudu ya samu hanya, ga kwano, ga ƙusa, ga siminti. Rabon filaye na zamanin Thomas Sankara ya faɗaɗa garin. A 2003 aikin sabunta gari mai suna ZACA ya rushe Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa a tsakiyar birni, rushewar da har yau take yi wa mutanenmu ciwo. Sai ambaliyar 1 ga Satumba 2009, lokacin da ruwan da ya haura milimita 260 ya sauka cikin yini guda, ya narkar da dubban gidajen ƙasa. Daga nan duk mai hali ya koma bulo. Duwatsun da mata ke fasawa da hannu a ramin Pissy, cikin hayaƙin tayoyin da ake ƙonawa don dutse ya tsage, cikin irin wannan gini suke ƙarewa. Bangon siminti kuwa ba ya yafiya: ɗan tudu kamar faɗin farce sai fenti ya tona shi.

Zarton da muka gada daga Turawa ba don wannan aiki aka ƙera shi ba. Haƙoransa a karkace suke, ɗaya dama ɗaya hagu, domin kada ya maƙale a cikin katako. Ka kwantar da shi a jikin bango, haƙoran su karce filasta, yashin filastar ya dakushe su, mariƙin kuma ya hana shi kwanciya sosai. Kafintocin Japan sun daɗe da gano maganin wannan: zartonsu na kugihiki siriri ne, yana lanƙwasuwa, haƙoransa a miƙe, yana yanka idan an jawo shi. Sai dai na turakun katako ne, ƙusa guda ta gama da shi. A Amurka kamfanin Milwaukee ya fito da Sawzall a 1951, zarton lantarki mai kai da komo, gwanin rusau, amma ba ruwansa da tsabtar aiki.

Ƙaramin injin nan mai karkarwa kuwa daga asibiti ya fito. Wani likitan ƙashi a garin Kalamazoo na jihar Michigan, Homer Stryker, yana neman yadda zai cire filastar ɗori ba tare da ya yanki majinyaci ba. Sai ya ƙera zarton da bakinsa ba ya juyawa, sai dai ya yi ta kaɗawa dama da hagu da sauri: abu mai tauri ya yanku, fata mai laushi ta bi motsin ta tsira. Ya samu takardar mallakar wannan ƙirƙira a 1947. Kamfanin Fein na Jamus, wanda ya ƙera injin huda na hannu mai lantarki na farko a 1895, ya fito da nasa zarton filastar a 1967, ya juya dabarar zuwa injin goge katako a 1986, daga baya ta zama MultiMaster. Bakinsa a tanƙware yake yadda zai kwanta a bango, yana kaɗawa wajen sau 20,000 a minti, da motsin da bai wuce digiri uku ko huɗu ba. Sai da kariyar mallakar Fein ta ƙare a 2008 sannan Bosch da Makita da masana'antun Sin suka shigo, farashi ya sauko. Ashe ko a Turai, kafinta mai ƙaramin ƙarfi bai daɗe da riƙe shi ba, balle a ɗora wa na Zongo laifin ci baya.

Injin karkarwar yana da nasa aibi. Bakunansa suna saurin ci idan sun gamu da ƙusa ko siminti, samun na canji ba kullum ba, ga ɗauke wutar kamfanin lantarki na SONABEL a watannin zafi. Duk da haka gara shi sau dubu da abin da samari ke yi, wato ɗaura faifan zarto a injin yankan ƙarfe na mai walda. Wannan inji yana juyawa kusan sau 11,000 a minti. Haƙori ɗaya ya kama ƙusa, sai ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, sau da yawa kuma an riga an cire murfin kariyar don a matso bango. Wannan kam ya kamata kowane maigidan shago ya hana yaransa. Wanda ba shi da injin karkarwa, ya zare ƙusoshi tukuna, ya sa guntun kwano tsakanin zarto da bango, ya yanka a hankali, ya ƙarasa ragowar da cizal.