Wa Zai Yi Fawa a Birnin Mafarki? Yadda Ya Kamata a Duba Ƙagen Ɗalibai

A azuzuwan adabi da na kimiyyar siyasa, malamai kan ba ɗalibai aikin ƙaga al'umma: ko dai ƙasar da komai ya daidaita a cikinta, wadda masana ke kira yutofiya, ko kishiyarta, distofiya, inda zalunci ya zama tsarin rayuwa. Sau da yawa takardar kan dawo da jan biro a gefe, an rubuta "wannan ba zai yiwu ba". A ganina irin wannan sharhi ya saɓa wa abin da binciken fannin ya nuna, kuma yana kashe wa ɗalibi gwiwa a daidai wurin da ya kamata a matsa masa ya zurfafa tunani.

Tun asali ba a auna waɗannan rubuce-rubuce da mizanin yiwuwa. Al-Farabi, wanda ya rasu wajajen 950, ya siffanta birninsa nagari ne domin ya zama ma'aunin da za a gane karkatar sauran birane. Shi ma Thomas More, a littafin da ya fito da harshen Latin a 1516, sai da ya ɓata kashin farko yana sukar Ingila ta zamaninsa, inda ake korar manoma daga gonaki don a yi kiwon tumaki, sannan a rataye wanda yunwa ta sa ya yi sata. Bayan haka ne ya kai mai karatu wani ƙagaggen tsibiri mai birane 54, inda ake aikin awa 6 kacal a yini, babu mallakar ƙashin kai, har gidaje ma ana musayarsu da ƙuri'a duk shekara 10.

To amma a duba tsibirin da kyau. Akwai bayi a cikinsa. Su ne ke yanka dabbobi da wanke nama a bayan gari, domin kada 'yan ƙasa su saba da ganin jini zuciyarsu ta bushe. Wanda ya fita daga yankinsa ba da takardar izini ba ana hukunta shi, in ya sake kuwa sai a bautar da shi. A nan darasin malami yake. Ɗalibar da ta zana garin da babu talauci, babu 'yan sanda, kowa na cin abinci a zaure ɗaya, ba ta buƙatar a tuna mata cewa duniya ba haka take ba, ai ta sani, shi ya sa ta ɗauki biro. Abin da take buƙata shi ne a tambaye ta: wa ke kwashe shara a garin nan? Wa ya naɗa masu rabon hatsi, kuma wa zai iya tsige su? In wani ya ce shi dai a gidansa zai ci tuwonsa, me za a yi masa? Irin waɗannan tambayoyi ne Ursula Le Guin ta yi wa al'ummar da ta ƙaga a littafinta na 1974, kuma irinsa ne Tom Moylan ya nazarta a 1986 a matsayin yutofiya mai sukar kanta.

Ɓangaren distofiya yana da tasa matsalar. Ɗalibai kan tara azaba kan azaba, mugun sarki, kurkuku, yunwa, ba tare da nuna yadda aka kai ga wannan hali ba. Margaret Atwood ta sha bayyana cewa a labarinta na 1985 ba ta sa wani zalunci da ɗan Adam bai taɓa aikatawa ba. Mai karatun Hausa da ya san Gandun Dabbobi, fassarar littafin George Orwell na 1945, ya san cewa ƙarfin labarin yana cikin yadda ake sauya dokokin da aka rubuta a bango kaɗan-kaɗan, dabbobin kuma suna zargin ƙwaƙwalwarsu da mantuwa. Saboda haka sharhin da zai amfani ɗalibi shi ne a nemi ya nuna wanda ya yi maraba da tsarin zaluncin da ya ƙaga tun farko, da alƙawarin da aka yi masa.

Ana iya cewa watsi da batun yiwuwa sangarta ɗalibi ne, tunda mafarkai da dama sun rushe da aka gwada su. Gaskiya ne garin da Robert Owen ya kafa a jihar Indiyana ta Amurka a 1825 bai wuce shekara biyu ba ya watse, cikin saɓani kan aiki da rabo da shugabanci. Sai dai wannan tarihi ya fi amfani in an miƙa shi ga ɗalibi a matsayin abin karantawa, a ce ya gano inda tsarin Owen ya tsage, sannan ya koma ya nemi irin tsagar a nasa zanen kafin ya sake miƙa takardar.